Nazarin Littafi Mai Tsarki: In Na Mutu, Na Ƙare Ke Nan?

Akwai tambayar da ba a cika jin ta a cikin majami'a ba, ko a taron addu'a na tsakiyar mako. An fi yin ta da dare, a ɗakin majinyaci, bayan masu gaisuwa sun watse. Waɗanda suke ziyarar marasa lafiya a cikinmu sun san ta. Dattijo ne da ya yi shekara arba'in yana zuwa sujada, wataƙila ma shi ne mai buɗe taro da addu'a, sai ya riƙe hannun mai ziyara ya ce a hankali, "Ɗana, gaya mini gaskiya. In numfashin nan ya tsaya, akwai sauran ni kuwa? Ko dai shi ke nan, kamar an hure fitila?"

Yawancinmu mukan yi saurin rufe masa baki. Mu ce, "Haba Baba, daina faɗin haka, ai za ka warke." Ko kuwa mu ce, "Baba, kai da ka san Littafi?" Sai ya yi shiru, mu kuma mu koma gida muna tsammani mun ƙarfafa shi. Alhali mun bar shi shi kaɗai da tsoronsa, mun kuma ɗora masa kunya a kai.

An shirya wannan nazari domin ƙananan ƙungiyoyi: zumuntar mata, matasa, dattawan ikkilisiya, da masu ziyarar gida gida. Ana iya raba shi zama biyu ko uku. Kowa ya zo da Littafinsa, a kuma karanta ayoyin da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba.

Wane irin tsoro ne wannan?

Tsoron mutuwa ba iri ɗaya ba ne. Wani zafin ciwo yake tsoro. Wata kuma tunanin 'ya'yan da za ta bari ne yake hana ta barci. Wani shari'ar Allah yake tsoro saboda abin da ya sani a zuciyarsa. Waɗannan duka muna da abin faɗa a kansu, mukan kuma faɗa. Amma akwai na huɗu, wanda ya fi wuyar furtawa: tsoron kada mutum ya shuɗe gaba ɗaya. A ci kasuwa ran kasuwa, damina ta sauka, a yi shuka, a yi girbi, shi kuwa ba ya ko'ina, bai ma san ba ya nan ba.

Mukan ce mutuwa rigar kowa, gaskiya ne kuwa. Amma sanin kowa zai sa rigar bai taɓa rage wa mai sawa nauyinta ba. Akuya takan gudu in ta ga wuƙa, in haɗarin ya wuce ta koma kiwonta. Mutum kuwa tun yana yaro ya san zai mutu, yana ɗauke da wannan sani duk kwanakinsa. Wani masani ɗan Amurka, Ernest Becker, ya wallafa littafi a shekarar 1973 inda ya nuna cewa yawancin fafutukar ɗan Adam, neman suna da tara dukiya da gine-gine, ƙoƙari ne na ɓoye wa kansa wannan tsoro. Ba lalle mu yarda da dukan abin da ya faɗa ba, amma in muka duba ƙauyukanmu za mu ga alamarsa. Mukan mayar wa jariri sunan kakan da ya rasu, mu riƙa kiransa Baba ko Abba. Mukan so ɗa namiji domin kada gida ya mutu. Mukan dasa mangwaro mu ce a tuna da mu.

Babu laifi a cikin waɗannan. Sai dai bari mu gwada wani abu a cikin ƙungiya. Kowa ya faɗi sunan mahaifinsa, da na kakansa, da na mahaifin kakansa, ya ci gaba har inda saninsa ya tsaya. Yawancinmu za mu tsaya a na uku ko na huɗu. Waɗanda suke bayan nan fa? Su ma sun yi noma, sun yi aure, sun yi dariya, sun yi kuka, ga shi ko sunansu jikokinsu ba su riƙe ba. In tunawar mutane ce kaɗai take riƙe da mu, to, shekara ɗari ta isa ta share mu.

Akwai kuma waɗanda wannan hanya ba ta buɗe musu ba ko kaɗan. Mu tuna da macen da ba ta haihu ba, da iyayen da suka binne 'ya'yansu duka. A annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai, fiye da mutum dubu 11 suka mutu a Nijeriya, galibi a arewa, da yawansu yara ne da matasa. In muka koya wa mutane, ko da halinmu ne kawai, cewa zuriya ce rayuwar mutum bayan mutuwa, me muka gaya wa irin waɗannan iyaye?

Mutanen Allah ma sun ji wannan tsoro

Ku karanta Ishaya sura 38, da Ayuba 14:7-14, da Zabura 88.

Hezekiya sarkin Yahuza ne, wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, yana kuma cikin sarakunan da Littafi ya yaba da amincinsu. Da annabi Ishaya ya gaya masa ya shirya gidansa domin ciwon nan na ajali ne, bai yi murmushi ya ce ya shirya ba. Ya juya fuskarsa bango ya yi kuka mai zafi. A cikin waƙar da ya rubuta bayan ya warke, ya kwatanta ransa da bukkar makiyayi da aka tuge, da kuma saƙar da aka yanke daga masaƙa. Abin da ya fi damunsa shi ne, a ganinsa, a wurin matattu ba mai yabon Allah. Mu lura Allah bai tsawata masa ba. Ya ce ya ga hawayensa, ya ƙara masa shekara 15. (Mu lura kuma da aya 21: an yi addu'a, an kuma shafa masa curin ɓaure a marurun. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.)

Ayuba ya ɗauki misalin da kowane manomi ya sani. In an sare itace, kututturen yakan yi toho da zarar ya ji danshi. Mun sha ganin haka a gonakinmu da kalgo da sabara. Ayuba yana kishin itace, domin a ganinsa itace ya fi mutum sa'a. Sai ya yi tambayar dattijon nan namu, kusan kalma da kalma: ko mutumin da ya mutu zai sāke rayuwa? Zabura 88 kuwa ta bambanta da sauran zaburan kuka. Yawancinsu sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare. Ita wannan a cikin duhu ta fara, a cikin duhu ta ƙare. Mai-Wa'azi ma, a sura 3, ya dubi mutum da dabba ya ga ƙura ɗaya suke komawa.

Kalmar Ibraniyanci da Tsohon Alkawari yake amfani da ita domin wurin matattu ita ce Sheol. Ba wurin murna ba ne yadda aka zana shi. Wurin shiru ne da duhu da mantuwa. Wasu 'yan'uwa sukan razana in suka ci karo da waɗannan ayoyi, su ce yaya irin wannan magana ta shiga Littafi Mai Tsarki? Mu dai muna ganin alheri ne da ta shiga. Allah ya yarda a rubuta tsoron bayinsa ba tare da an yi masa kwaskwarima ba, domin mai jin tsoro a yau ya san ba shi ne farau ba, ba kuma alamar ya fāɗi daga bangaskiya ba ce.

Allah bai bayyana kome a rana ɗaya ba. Hasken ya zo a hankali kamar ketowar alfijir. A Zabura 16 da 49 da 73 mun fara jin wata murya dabam, ta mutanen da suka tabbata Allah ba zai bar su a hannun kabari ba. A Ishaya 26:19 da Daniyel 12:2 an fito fili an yi maganar tashin waɗanda suke kwance a ƙura. Abin da ya kamata mu kama a nan shi ne inda wannan bege ya tsiro. Masu zaburan nan ba su binciki cikinsu suka gano wani abu marar mutuwa ba. Allah suka duba. Tunaninsu kamar haka yake: wannan da ya riƙe hannuna tun ina yaro, ashe zai sake shi a bakin kabari?

Tambaya: A cikinmu, wa ya taɓa jin irin tsoron Hezekiya? Wa ya gaya wa? Me aka amsa masa?

Masu cewa babu kome

Ra'ayin cewa mutuwa ce ƙarshe ba sabon abu ba ne da boko ko rediyo suka kawo. Tsoho ne ƙwarai. A ƙasar Girka an yi wani malami, Abikuru, wanda ya mutu a shekara ta 270 kafin haihuwar Almasihu. Ya koyar cewa rai da jiki tare suke watsewa, saboda haka ba abin tsoro. Hujjarsa ita ce, muddin kana nan mutuwa ba ta zo ba, in kuma ta zo kai ba ka nan, to wa zai ji zafinta? Mu yi masa adalci: nufinsa ya kwantar wa mutane da hankali, hujjar kuma tana da wayo. Amma ku gwada kai ta ɗakin dattijon nan. Ai abin da yake tsoro ke nan aka miƙa masa a matsayin magani. Ba zafi yake gudu ba. Rabuwa yake gudu, da matarsa, da jikokinsa, da hasken rana, da kansa. Almajiran wannan malami suna cikin waɗanda suka yi muhawara da Bulus a Atina (Ayyukan Manzanni 17:18), da ya kai ga zancen tashin matattu kuwa sai waɗansu masu sauraro suka yi masa ba'a.

A cikin Yahudawa ma akwai Sadukiyawa, ƙungiyar manyan firistoci da masu faɗa a ji, waɗanda suka ce babu tashin matattu.

Ku karanta Markus 12:18-27.

Sun zo wa Yesu da labarin mace guda da ta auri 'yan'uwa bakwai bi da bi, kowa ya mutu bai bar ɗa ba, suka tambaya matar wa za ta zama a ranar tashi. Ba amsa suke nema ba, dariya suke so a yi. Yesu ya ce musu kuskurensu biyu ne: ba su san Littattafai ba, ba su kuma san ikon Allah ba. Sa'an nan ya kai su Fitowa sura 3, wurin kurmin nan mai cin wuta, inda Allah ya gabatar da kansa ga Musa da sunan Ibrahim da Ishaku da Yakubu. A lokacin nan mutanen uku sun yi ɗaruruwan shekaru a kabari. Duk da haka Allah bai yi maganarsu kamar tsofaffin abokan da suka wuce ba. Har yanzu nasa ne, shi kuma nasu. Yesu ya ce wannan ya isa hujja, gama Allah ba ya ɗaura sunansa a kan abin da babu.

A nan ne zuciyar nazarinmu take, kada mu yi sauri mu wuce. Yesu bai kafa begenmu a kan ƙarfin ranmu ba, bai kuma kafa shi a kan zuriya ko tunawar mutane ba. Ya kafa shi a kan halin Allah. Mai alkawari ne wanda ba ya saki. In dawwamarmu ta dogara ga abin da yake cikinmu, muna da dalilin tsoro, domin mun ga yadda tsufa yake cinye ƙarfi, har wani tsoho ya manta sunan 'ya'yansa. In ta dogara ga jikoki, mun riga mun gwada mun ga iyakarsu. Amma in ta dogara ga wanda ya yi mu daga babu tun farko, tambayar ta sāke. Ba "ina da ƙarfin wanzuwa?" ba ce kuma. Ta zama "shi mai aminci ne?" Macen da ba ta haihu ba da mai jikoki hamsin, a nan matsayinsu ɗaya.

A Betanya

Ku karanta Yohanna 11:17-44.

Betanya ƙauye ne mai nisan kamar kilomita 3 daga Urushalima. Da Yesu ya iso, Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, gida cike da masu ta'aziyya, kamar yadda muke yi. Marta ta san koyarwa sarai. Ta faɗa da bakinta cewa ɗan'uwanta zai tashi a rana ta ƙarshe. Amsa ce daidai, irin wadda za a yaba wa ɗan ajin baftisma. Amma ba ta share mata hawaye ba, domin rana ta ƙarshe tana da nisa, kabari kuwa ga shi kusa. Yesu bai ƙara mata wata koyarwa ba. Ya ɗauke idonta daga wata rana mai zuwa ya mai da shi kan mutumin da yake tsaye a gabanta, ya ce shi kansa ne tashin da ran.

Sa'an nan ya yi kuka. Ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci kaɗan, duk da haka ya yi kuka. Wannan ya kamata ya sa mu yi hankali da yadda muke hana masu makoki hawaye, muna ce musu mai bi ba ya kuka. A gaban kabarin kuma, suna ya kira. Wanda ya fito ba wani sabon mutum ba ne, Li'azaru ne, wanda 'yan'uwansa mata suka sani.

Li'azaru ya sāke mutuwa daga baya, kamar kowa. Abin da ya faru da shi alama ce kawai. Ainihin abin ya zo bayan 'yan kwanaki, ya kuma bi ta hanyar tsoro. A Getsamani Yesu ya gaya wa almajiransa uku irin baƙin cikin da ya danne shi, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi, suka yi barci (Markus 14:32-42). Ubangijinmu ya san daren majinyaci, ya san kuma yadda yake in waɗanda ka dogara gare su suka kasa zama da kai. Da ya tashi a rana ta uku, bai zo kamar fatalwa ba. Ya nuna hannuwansa da ƙafafunsa, ya ci gasasshen kifi a gabansu (Luka 24:36-43). Maryamu Magadaliya ta ɗauka mai lambu ne, sai da ya kira sunanta ta gane shi.

Iri da abin da yake tsirowa

Ku karanta 1 Korintiyawa sura 15. Doguwa ce, amma a karanta ta duka.

Bulus ya rubuta wannan wasiƙa wajen shekara ta 55, wato kimanin shekara 25 bayan gicciye Yesu. Abin lura, ba ga arna ya rubuta ba. A cikin ikkilisiyar Korinti ne waɗansu suke cewa babu tashin matattu. Bai kore su ba, ya zauna ya yi musu bayani. Ya lissafta shaidu: Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ƙara da cewa yawancinsu suna da rai a lokacin da yake rubutu, wato mai shakka yana iya zuwa ya tambaye su. Bai kuma ɓoye abin da yake kan mizani ba. Ya ce in Almasihu bai tashi ba, wa'azinsu da bangaskiyarsu duk aikin banza ne, waɗanda suka mutu cikin bangaskiya kuma sun hallaka. Bulus bai ce mu gaskata domin yana da daɗin ji ba. Ya ce mu gaskata domin ya faru.

Ga mai tambayar da wane irin jiki za a tashi, ya kai shi gona. Mu ɗauki gero. Ƙwayar da muka ajiye a rumbu tun kaka, busasshiya ce, ƙanƙanuwa, ba ta da wani kyan gani. Ruwan fari ya sauka, mu tona rami mu binne ta. Bayan 'yan watanni ga kara ya fi mutum tsawo, ga zangarniya. Wanda bai taɓa ganin gona ba, in ka nuna masa ƙwayar ka ce wannan ce za ta zama wancan, ba zai yarda ba. Amma gero ka shuka, gero ya fito, ba dawa ba. Abu biyu ke nan Bulus yake so mu riƙe tare: abin da zai tashi ya fi abin da aka binne nesa ba kusa ba, kuma shi ne dai, ba wani ba.

A shekarun 1960 masu tonon tarihi sun sami ƙwallayen dabino a Masada, wani tsohon kagara na sarki Hirudus kusa da Tekun Gishiri. Sun kai kimanin shekara dubu biyu. A 2005 aka shuka, ɗaya ya tsiro ya zama bishiya, aka laƙaba mata suna Metusela. Labari ne mai daɗi, yara kuma suna son sa. Amma kada mu ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ƙwallon dabinon nan da sauran rai a cikinsa, gawa kuwa babu. Misalin iri ba hujja ba ce cewa za mu tsiro da kanmu. Bulus da kansa ya ce Allah ne yake ba iri jikin da ya ga dama (aya 38). Wannan ya amsa damuwar masu tambaya game da wanda ruwa ya ci ba a ga gawarsa ba, ko wanda ya ƙone, ko wanda aka binne a daji lokacin gudun hijira ba a san wurin ba. Ba kabari ne yake ajiye mutum ba.

To, tsakanin mutuwa da ranar tashi fa, ina mai bi yake? Littafi bai yi dogon bayani ba, amma abin da ya faɗa a kan abu ɗaya yake komawa. Yesu ya yi wa ɓarawon nan a kan gicciye alkawari cewa a ranar nan za su kasance tare (Luka 23:43). Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa tashi daga nan zama tare da Almasihu ne (1:23). Sau da yawa kuma Sabon Alkawari yana kiran mutuwar masu bi barci. Mu ma mukan ce barci ƙanin mutuwa ne. Masu bi na farko sai suka juya maganar, suka riƙa kiran makabartarsu da kalmar Girkanci mai ma'anar wurin kwana. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan yadda suke fassara waɗansu bayanai na wannan tsakani, ba kuwa abin faɗa ba ne. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne cike gurbin da mafarkai da labaran masu cewa sun je sama sun dawo, suna ƙirga ɗakuna da launin tufafi. Irin wannan yakan burge a taro, amma ba ya riƙe mutum da tsakar dare.

Kada kuma mu ɓoye cewa tashin yana tafe da shari'a (Yohanna 5:28-29). Wani majinyaci in ya ce yana tsoron ɓacewa, can ƙasa haƙƙin wani ne yake cin sa, gona da ya ƙwace ko ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana. Wannan yana bukatar tuba da sulhu da jin labarin gafara, tun da sauran numfashi.

Abin da wannan yake canzawa a ƙauye

Ibraniyawa 2:14-15 ta kira tsoron mutuwa bauta, wadda takan riƙe mutum duk tsawon ransa. Mun san kamannin wannan bauta. Ita ce take sa a sayar da akuya ta ƙarshe a kai wa boka. Ita ce take sa in an yi rasuwa a fara neman wa ya ci shi, sau da yawa kuma yatsa ya tsaya kan tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Ita ce take sa a gudu a bar mai ciwon da ake tsoro ba mai ba shi ruwa.

Wajen shekara ta 250 wata annoba ta barke a daular Roma, ta yi fiye da shekara goma tana kisa. A Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, shugaban ikkilisiya Sifiriyan ya tara masu bi ya gargaɗe su su yi jinyar marasa lafiya, har da waɗanda ba masu bi ba, ko da yake ba a daɗe da tsananta musu ba. A Iskandariya ta Masar, shugaban ikkilisiya Diyonisiyus ya rubuta cewa mutane suna jefar da 'yan'uwansu a kan hanya tun ba su cika ba, masu bi kuwa suna ɗauka suna jinya, da yawansu suka kamu suka mutu. Ba don ba su da tsoro ba ne. Tsoron ne ya daina mulkinsu. A yau mun san hanyoyin kāre kai da su ba su sani ba, wanke hannu da sabulu, rigakafi, bin umarnin ma'aikatan lafiya, kuma wajibi ne mu bi su. Amma zuciyar da take sa a tsaya kusa da majinyaci ita ce dai.

Cicely Saunders, wata mai bi 'yar Ingila wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967. Ta koyar cewa zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai na zuciya, da na damuwar iyali, da na ruhu, kuma suna ƙara wa juna. A ba da maganin rage zafi, a kuma saurara. Ba sai muna da asibiti za mu yi na biyun ba. In Baba ya yi tambayarsa, mu ja kujera kusa. Mu ce, "Baba, gaya mini abin da kake ji." Mu bar shi ya gama. Za mu iya ce masa mu ma tunanin yakan zo mana. In ya yarda, mu karanta masa labarin Hezekiya kafin mu kai shi Betanya. Ba lalle tsoron ya tafi a daren nan ba, wataƙila ya tafi ya dawo. Ba ƙarfin riƙon Baba ne zai cece shi ba, don haka kada mu auna bangaskiyarsa da yawan natsuwarsa. Mu dawo gobe.

Wani abu kuma game da 1 Korintiyawa. Lambobin surori daga baya aka sa su, Bulus bai rubuta da su ba. Ku karanta ayar ƙarshe ta sura 15 ku zarce cikin sura 16 ba tsayawa. Daga maganar cin nasara a kan mutuwa, kai tsaye ya shiga zancen tara gudummawa domin matalautan Urushalima, kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. A wurinsa zance ɗaya ne. In Allah zai ta da jiki, to jikin maƙwabcinmu mai yunwa ba abin yarwa ba ne.

Domin tattaunawa a zama na ƙarshe: A garinmu, waɗanne kalmomi muke faɗa a gidan makoki, waɗanne ne a cikinsu suke hana mutane faɗin abin da yake ransu? Ku duba 1 Tasalonikawa 4:13-18, ku ga ko Bulus ya hana baƙin ciki ne ko kuwa wani irin baƙin ciki. Su wane ne a cikin ikkilisiyarmu ba su da ɗa ko jika da zai zauna da su in ciwo ya yi tsanani? A rubuta sunayensu kafin a tashi, a kuma raba wanda zai je wurin wa a wannan mako.